Ƙwallo Na Huɗu a Cikin Ƙahon Baturke

Satina na uku a shagon Kawu Haruna na kusa kashe wani malamin makaranta, kuma ko da yatsa ban taɓa shi ba.

Begilar 'yan kashshafa ya kawo, wato yaran nan masu gajeren wando da ƙyalle a wuya da ke yin maci a filin makaranta. Wani lukutin yaro ya zauna a kanta, ta lotse a daidai gwiwa, inda bututun ya lanƙwasa. Kawu ya nuna mini yadda ake tura ƙwallayen ƙarfe a ciki, ƙarami ya fara shiga, wanda ya fi shi ya biyo, har lotsawar ta taso daga ciki. Na tura, na bubbuga, na goge ta da toka da lemon tsami har tana kashe ido. Da yamma malamin ya zo, tun Kawu bai gwada ta ba ya ɗauke ta, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa irin ta soja, ya kafa baki ya hura. Shiru. Ya sake hurawa. Kumatunsa suka yi kamar ya cusa kankana biyu, idanunsa suka firfito har na tara hannu don kada su faɗi ƙasa. Iskar da ta rasa hanya ta gaba ta nemi wata hanyar, kuma ta samu, duk layin ya shaida.

Kawu bai yi dariya ba. Ya zuba ƙwallayen a tafin hannu ya ƙirga. Goma sha ɗaya ne, alhali goma sha biyu muke da su. Bayan ya fitar da wanda na manta a ciki ya sallami malamin, sai ya kama kunnena ya ɗaga ni sama har na hango teku.

"Ya walad, kai yaro, ka gode wa Allah ƙafarsa ɗaya tana cikin shago," in ji shi. "Na dafa kan maigidana na yi masa alkawari: ran da ƙaho ya fita daga ƙofar nan bebe, na rataye guduma, ba zan sake ɗaukar ta ba. Kai ne za ka zaunar da ni tun ƙarfina bai ƙare ba?"

Hukuncina shi ne ya ba ni guntun katako ya ce in fafe gurbi goma sha biyu, daidai girman kowane ƙwallo. Tun daga ranar aikina ne in mayar da kowanne gurbinsa bayan an gama aiki. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Yanzu ina da goma sha bakwai, kuma ko cikin barci aka taɓa allon nan sai na ji.

Saboda ku nake wannan rubutu, samarin unguwarmu ta Sa'alaba a nan Jidda, ku da kuke wucewa a kan keke kuna kirana Abudi mai gwangwani, kuna cewa aikina bai wuce ƙwanƙwasa tagulla da shan shayi ba. To, ku zauna ku ji.

Shagonmu yana wani lungu a bayan Bab Makka. Faɗinsa, in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallah. A ciki akwai benci ɗaya da uwar maƙera ƙarama, da sandunan ƙarfe masu siririn kai da ake zura wa ƙaho a buga a kansu, da zarto kala biyar, da awartaki, da dalmar liƙi, da risho na dumama ƙarfe, da bokitin ruwa. Guduma uku ce: biyu na katako, ɗaya ta ƙarfe mai santsin fuska kamar madubi. Wannan ta ƙarfen ita ce gudumar da Kawu yake nufi. Ba a buga ƙusa da ita. Na taɓa fasa gyaɗa da ita sau ɗaya, kuma kunnena na hagu bai koma daidai da na dama ba har yau.

Duk kayan nan na Usta Rifat ne, Baturken da ya koya wa Kawu sana'a. Usta na nufin gwanin sana'a, haka mutane suke kiran Kawu ma yanzu. Shi mai gyaran ƙahonin sojan Turkawa ne tun zamanin da suke ƙasar nan. Da suka tafi ya ƙi bin su, ya ce ƙasusuwansa sun saba da zafi. Kawu kuwa ɗan Takari ne, an haife shi a nan Jidda, kakanninmu suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Yana yaro yana tallar ruwa Usta ya ji shi yana busa guntun tiyo, ya kira shi ya ce ya ajiye garwa. Shekara uku ya yi yana goge tagulla kafin a bar shi ya taɓa wuta. Ni ban ga Usta ba, amma na sha zaginsa, domin in ran Kawu ya ɓaci da Turkanci yake zagi, kuma bai taɓa yarda ya fassara mini ba.

Abu ɗaya muke gyarawa, amma kowa da sunan da yake shigowa da shi. Balarabe ya ce buƙ. Mutanenmu da suka zo daga Najeriya su ce begila. Turkawa su ce borazan. Kawu ya ce a bakin Usta kowane bututu boru ne, har na famfo, shi ya sa mutanen Jidda suke ce wa odar mota buri. Wani Bature mai aiki a jirgin ruwa ya kawo mana nasa mai madanni uku, ya ce sunansa tarampet, kuma wai a harshensu haka ake ce wa kukan giwa. Na ɗauka ƙarya yake yi, sai da ya busa. Kuliyoyin layinmu ba su dawo ba sai bayan sallah.

Aikin Baturen nan ne ya koya mini neman yoyo. Ya ce ƙahonsa yana cin iska, sai ya hura kamar zai mutu kafin ya yi ƙara. Ka duba da ido ba ka ga komai. Kawu ya toshe babban bakin da tsumma, ya karɓi sigarin Baturen ya zuƙa, shi da ba ya shan taba, ya busa hayaƙin a ciki ya danne. Muka zuba ido. Can sai ga hayaƙi siriri kamar zare yana fitowa daga gindin madanni na biyu. Huda ce wadda ko allura ba za ta shiga ba. Liƙe ta kuwa shi ne wuyar, domin ƙaho ba ƙarfe ɗaya ba ne, gaɓa-gaɓa ne da aka haɗa da dalma. Ka ba shi wuta da yawa, gaɓar da kake so ta kama, uku na kusa da ita su saki, ka ɗaga ƙaho ya zube a cinyarka kamar dafaffiyar kaza. Sai ka naɗe maƙwabtan gaɓoɓin da jiƙaƙƙen tsumma, ka matso da wuta, ka janye, ka sake matsowa. Wanda ya ce wannan wasa ne ya zo in ba shi risho.

Akwai wani tsohon attajiri mai sayar da yadi da ya kawo ƙahon da ba a busawa. Kunnensa ne ya yi nauyi, sai yake sa siririn bakin a kunne, mutane su yi magana ta babban. Ya ce wata biyu ke nan ba ya jin komai. Kawu ya zura waya ya zaro ƙwallon dabino biyu da rabin kyankyaso. Da tsohon ya mayar da shi kunne, ɗansa da ya rako shi yana tsaka da cewa, "Ai gara da ba ya ji, mun huta da faɗa." Ban taɓa ganin mai shekara tamanin ya yi gudu irin na ranar ba.

Ƙa'idar shagon ɗaya ce: ba a miƙa wa mutum ƙaho sai an busa shi. Kawu ne mai busawa. Yana da wata gajeriyar busa da ya gada daga Usta, sauti biyar, daga ƙasa zuwa sama. In ta fita tas, aiki ya gamu. In sauti na huɗu ya yi rawa, a koma benci. Mutanen layin da ita suke gane cewa mun gama wani aiki, mai shayi ma ya kan ɗaga murya ya ce, "Mabruk, ya Usta!"

Sai shekarar wahala ta zo, wato bara waccan, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Da farko makarantu suka sayi lasifika da rikoda. Malami ya danna maɓalli, maci ya tashi, ba ruwansa da yaro mai zama a kan begila. Masu motoci tuni suka bar buri mai roba suka koma na lantarki. A da mukan rataye ƙaho bakwai ko takwas a bango suna jiran layi, sai ga shi wata guda ya wuce ba a kawo ko ɗaya ba. Muka koma gyaran risho da liƙe butocin gahawa. Kawu yana yi yana tsaki, kamar an sa likita aski.

Ana cikin haka wata akuya ta gitta wa kekensa a hanyar gida. Akuyar ta tashi ta kaɗe jiki ta ci gaba da cin kwali. Kawu ya tashi babu haƙora huɗu na gaba. Ku da ba ku sani ba, haƙoran gaba su ne bangon da leɓe yake jingina in ana busa. Aka yi masa na roba. Ranar da ya fara gwada su, a gaban mutum biyar, ya kai sauti na uku sai haƙoran suka yi tsalle suka faɗa bokiti, tsulum. Ni ban yi dariya ba, wallahi, na dai fita da gudu na yi ta a bayan masallaci. Daga ranar Kawu bai sake kai ƙaho bakinsa a gaban ɗan Adam ba. Idonsa ma ya fara hazo, ko da yake in ka faɗa sai ya ce fitilar ce ba ta da kyau, ko da rana tsaka.

Maƙwabcinmu Abu Salim mai sayar da rediyo ya shinshino. Kullum da safe sai ya leƙo, yana auna bangonmu da ido.

"Ya Usta, ka huta mana. Ka bar mini wurin in fasa bangon nan. Yaron ma in ɗauke shi yana goge mini rediyo."

"Ban rataye guduma ba tukuna, ya Abu Salim."

"Ai kowace guduma tana da ƙusarta," in ji shi, yana nuna bango da haɓa.

Ummina ma, ƙanwar Kawu, ta fara maganar wani ɗan uwanmu da zai samo mini aikin dako a mina, wato tashar jiragen ruwa. Ni kuwa na ƙudura a raina ba zan goge rediyon kowa ba, ba kuma zan ɗauki buhun kowa ba. Na ɗauki wata tsohuwar begila na riƙa tafiya bakin teku bayan la'asar ina koyon sautin nan biyar. Wata huɗu na yi. Leɓena ya kumbura ya yi kamar na raƙumi, masunta suka yi mini alkawarin kifi kyauta in zan koma wani wuri. Ran da na busa wa Kawu, ya saurara da kai a sunkuye, ya ce, "Na huɗun kamar jaki ya taka ƙaya. Amma zai yi." Daga nan ni na zama bakin da ke busa wa shagon, shi ya ci gaba da zama hannunsa.

Aikin Haji Osman ya zo ne a hajjin bara. Wani dogon Baturke mai farin gashin baki, cikin harami, ya shigo da abu a naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya buɗe. Borazan ne, ko in ce ya taɓa zama borazan, domin tayar motar kaya ta bi ta kansa a mina. Babban bakin ya zama faranti, gwiwa ta lotse wuri uku.

Da guntun Larabcinsa da guntun Turkancin Kawu muka gane labarin. Shi ne jagoran alhazan wasu ƙauyuka na kan dutse, yawancinsu tsofaffi, ba sa karatu, ba sa jin Larabci ko kalma ɗaya. Tun a cikin jirgi ya sabar musu: duk inda kuka ji wannan busa, ku nufo ta. Da ita yake tara su cin abinci, da ita zai tara su shiga mota, da ita zai nemo su a cikin taron Arfa. Jibi bayan la'asar motocinsu za su tashi zuwa Makka.

"Ka sayi lasifikar hannu mana, ya Haj," in ji Abu Salim, wanda ba a gayyace shi ba. "Ina da sabbi."

Haji ya girgiza kai. Ya ce kowane jagora yana da lasifika, duk ihunsu iri ɗaya ne. Tsofaffinsa muryar wannan kaɗai suka sani.

Kawu ya juya ƙahon, ya shafa shi da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Jibi da azahar. Tamam?"

"Tamam, Usta."

Kwana biyun nan ban ga Kawu ya yi tsaki ba ko sau ɗaya. Muka narke liƙin muka raba ƙahon gida uku. Babban bakin muka gasa shi har ya yi ja, muka tsoma a ruwa don tagullar ta yi laushi, ya zura shi a sanda ya shiga bi da gudumar ƙarfe, taf, taf, taf, kowane bugu yana hawa rabin na bayansa. In tagulla ta fara tauri tana ƙara kamar kwano, sai a sake gasawa, in ba haka ba ta tsage. Sau shida muka gasa. Ni nake riƙe, ni nake juyawa, shi yake bugu, idonsa a rufe ma wani lokaci, da yatsa yake gani. Safiyar rana ta uku muka haɗa gaɓoɓin muka liƙe, na busa hayaƙi, babu yoyo. Saura lotsawa ɗaya ƙarama a ƙaramar gwiwa da Kawu ya ce ba ta yi masa ba, zai bi ta da ƙwallo.

"Kai wa mai gahawan Bab Sharif butocinsa ka dawo ka busa," in ji shi. "Yalla, kada ka tsaya kallon ƙwallon ƙafa."

Ban tsaya ba. To, na tsaya kaɗan. Da na dawo bayan azahar, babu ƙaho a benci.

"Ina borazan, Kawu?"

"An karɓa. An matso da tafiyarsu, Haji ya aiko direba. Mutumin yana tsaye a kaina kamar mala'ikan mutuwa."

"Wa ya busa?"

Kawu ya duƙa yana neman abin da bai ɓace ba a ƙarƙashin benci. Abu Salim ne ya amsa daga bakin ƙofa: "Ni ma na ce ya busa mu ji, ya ce aikinsa ba ya buƙatar shaida."

Na ɗauki kwanon man da ƙwallayen suke ciki, na shiga gogewa ina mayarwa gurbi, kamar kullum. Na ɗaya, na biyu, na uku. Na biyar. Na laluba kwanon. Na duba benci, na duba bokiti, na duba cikin takalmina. Gurbi na huɗu yana kallona, ni ma ina kallonsa.

Na rufe allon da takarda. Na ce, "Kawu, na manta, mai gahawa ya ce rishonsa ma yana hayaƙi." Na sunkuci rishonmu da gudumar katako da tsumma da waya, na ɗaure a bayan keke.

Ban san yadda na isa masaukin alhazai na bakin mina ba. Na san dai na wuce motoci uku, da jaki ɗaya, da wani tsoho da har yanzu yake nemana. A ƙofa askari ya tare ni da sanda.

"Ina zuwa, ya walad?"

Na ɗora rishon a ka. "Gyaran risho, ya ammi. Na Turkawa ne ya fashe, tsofaffi tun safe ba su sha shayi ba."

Ya san Turkawa da shayi. Ya janye sandar.

Ciki kuwa kamar an tashi alƙiyama. Dubban mutane cikin fararen kaya, kowa kama da kowa, jagorori goma suna ihu a lasifika goma. Na hango Haji Osman a kan matakalar wata mota, ƙaho a baki, fuskarsa ta yi jawur kamar tumatir a kan farin faranti. Na san wannan fuskar, na taɓa ganin irinta a kan malamin makaranta. Mota uku nasa, biyu kusan babu kowa, direbobi suna danna buri, wani ma'aikaci yana nuna masa agogo yana cewa in bai cika ba a ba wasu layinsa.

Da ya gan ni ya sauko ya damƙi wuyan rigata, ya zazzago mini Turkanci. Na gane kalma uku a ciki, duk na Kawu ne.

"Sabur, ya Haj! Minti goma!" Na nuna masa yatsu goma, na fizge ƙahon.

Na zura waya ta ƙaramin baki har ta tsaya. Na auna tsawonta a waje: ƙaramar gwiwa, daidai inda na zata. Ƙwallon ya cije, ba ya gaba ba ya baya. In ka tura da ƙarfi ka fasa bututu. Amma tagulla tana riga ƙarfe buɗewa in ta ji zafi, wannan Kawu ya koya mini ranar malamin makaranta, da kunnena a hannunsa. Na kunna risho a inuwar mota. Mai ne ban zo da shi ba. Wata tsohuwa tana zaune a kan ƙunshinta rungume da kwalbar man zaitun. Na nuna kwalbar, na nuna ƙaho. Ta ƙara rungumewa. Haji ya yi mata magana, ta ɗiga mini a murfi kamar tana ba ni jinin jikinta.

Na zuba man ta babban baki na juya har ya gangara. Na jiƙa tsumma da ruwan butar wani, na naɗe liƙin da ke sama da gwiwar da na ƙasa, domin in suka saki, ƙahon zai zube a gaban mai shi, ni kuma sai dai in bi su Turkiyya in ɓuya. Na kai gwiwar kusa da wuta. Na janye. Na sake kaiwa.

"Yawash, yawash," in ji Haji a kaina, wato a hankali.

Tsumman ya fara tururi. Na kifa ƙahon, babban baki a ƙasa, na ƙwanƙwasa gefen gwiwar da gudumar katako. Ba komai. Na sake dumamawa, na ƙirga goma, na ƙwanƙwasa. A bugu na uku na ji wani ɗan ƙas, sai gurrr, ya zagaya bututun, ya faɗo a ƙasa ya gangara ƙarƙashin ƙunshin tsohuwar. Na bi shi da rarrafe, ta kai mini duka da carbi.

Ban miƙa wa Haji ba. Na sanyaya ƙahon da ruwa, na goge bakin, na tsaya na busa sautin nan biyar. Na huɗun bai yi rawa ba. Sannan na ba shi.

Ya hau matakala ya busa tasa busar. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Daga bayan tankin ruwa, daga layin banɗaki, daga cikin alhazan wasu ƙasashe, tsofaffi suka riƙa ɓullowa, wannan da buta, wancan yana jan matarsa, wani da takalmi ɗaya. Ba mai gudu, amma duk fuska ta juyo wuri guda. Haji yana tsaye yana taɓa kan kowa yana ƙirgawa. Da na ƙarshe ya shiga, ya juyo ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina, gashin bakinsa ya kusa tsone mini ido. Motocin suka tashi.

A hanyar dawowa na tsara ƙaryata tsaf. Na shiga shago ina fito, na duƙa ƙarƙashin benci, na ɗago. "Af, Kawu, ga na huɗu nan, ashe faɗuwa ya yi."

Allon yana kan cinyarsa, a buɗe. Ya miƙo hannu na sa masa ƙwallon. Ya murza shi, ya kai hanci.

"Tun yaushe muke dafa abinci da man zaitun a ƙarƙashin benci?"

"Kawu, ai..."

"Ya yi ƙara?"

"Ya yi. Duk biyar ɗin. Sun tafi, ba a bar kowa ba."

"Alhamdu lillahi." Ya sa ƙwallon a gurbinsa. "Amma bebe ya fita."

"Ba wanda ya sani! Haji ya ɗauka ƙura ce. Ka ce ni ne, ai na saba, kunnena ma ya riga ya lalace."

"Ni na sani, ya walad. Usta ma ya sani."

Na ce alkawarin ai tun ina cikin zani aka yi shi. Na ce ido ne, a sayi tabarau. Na ce daga yau ko banɗaki ba zan je ba sai na busa. Na yi magana har mai shayi ya leƙo. Kawu ya bari na gama, ya tashi ya ɗauki gudumar ƙarfen, ya goge fuskarta da gefen rigarsa, ya rataye ta a ƙusa. Ya ce in rufe shago da wuri.

Washegari na riga shi zuwa. Abu Salim ya riga mu duka, yana tsaye da igiyar awo a hannu. Na wuce shi na buɗe ƙofa, na share, na kunna risho. Akwai wata begilar 'yan kashshafa da ta shekara a bango ba a zo karɓa ba. Na sauke ta, na sa hannu na ciro gudumar daga ƙusa, na zauna a benci. Kawu ya iso ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dube ni, ya dubi ƙusar, ya dubi igiyar awon Abu Salim. Na fara bugu.

Ya daɗe yana saurare. Sannan ya jawo kujera ya zauna a waje, ya ce, "Riƙe ta daga gindi. Gyaɗa kake fasawa?"

Abu Salim bai tafi hannu banza ba. Kawu ya bar masa rabin shagon, aka raba da falanki, yanzu in na yi atishawa rediyo ne yake amsa mini. Kawu bai sake taɓa guduma ba. Yana zama a bakin ƙofa daga safe zuwa la'asar, allon ƙwallaye a cinyarsa, ba ya miƙo mini na gaba sai na mayar masa da na baya. Yawancin aikina risho ne da butocin gahawa. Tun daga hajjin bara zuwa yau ƙaho huɗu aka kawo, kuma duk huɗun na busa su kafin su fita.